Shekarar Madina a Zariya

Madina 'yar Maliki tela ita ce mace ta farko a layinsu da ta shiga jami'a. An haife ta a Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde, wadda mutanenta kan gajarce wa suna su ce Birik. Gidansu yana bayan rumfunan masu suya, da la'asar hayaƙi kan shigo har tsakar gida, mata su yi ta gaggawar kwashe shanya. Mahaifinta manyan riguna yake ɗinkawa, yawancin masu kawo masa aiki ma'aikata ne 'yan Garwa da Marwa, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya lallashe shi ya sa yarinyar a lekol, wato makarantar boko.

Kakanta Gwadabe, wanda duk gidan ke kira Babba, shi ya kafa gidan. Daga Kano ya taso yana saurayi, ya biyo fataken goro da shanu ta Yola da Banyo da Tibati. A Yawunde ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ayarin ya juya ya bar shi a hannun wani mahauci. Da ya warke sai ya zauna. Ba ya yawan zancen Kano, ba a kuma cika tambayarsa ba.

Tare da Fatu aka sa Madina makaranta, 'yar maƙwabtansu. Fatu ta gama firamare ta bari, ta koma taya mahaifiyarta sayar da atamfa a kasuwar Mokolo, daga baya ta auri Mahmudu, dillalin shanu a Etoudi. Madina ta zarce. Ba wata haziƙa ce ta musamman ba, amma ba ta fashi, ba ta kuma barin aiki ya kwana. A jami'a ta ɗauki Ingilishi da Faransanci. Da suka kai shekarar da ake tura ɗalibai ƙasar da ake Ingilishi su yi shekara guda, 'yan ajinsu duk Ingila suke so. Maliki ya ce 'yarsa ba za ta tsallaka teku ba, amma in Nijeriya ce ya yarda, ai gida ne. Haka aka nema mata gurbi a Zariya, a ƙarshen daminar 1975.

Jirgin ƙasa ya kai ta Ngaundere, daga nan mota zuwa Garwa, da Yola, da Jos. A hanya ta yi ta gaya wa kanta cewa ita dai ba za ta sha wahalar baƙunta ba, tunda ƙasar Hausa za ta.

Ba haka abin ya zo ba. Ranar farko ta tambayi wasu 'yan mata inda ake sayar da kaye, suka dubi juna. Sai da ta nuna littafin rubutu a hannun ɗayarsu suka gane. Ta ce lopital maimakon asibiti, aka yi dariya. Ta ce gar, aka ce tasha take nufi. Ba da mugunta suke yi ba, amma kafin wata ya cika sunanta ya koma Madam Faransa, ita kuma ta rage magana. Malamai suna zuba Ingilishi da sauri, sai ta rubuta abin da ta kama, sauran ta cike da Faransanci a gefen takarda, da yamma ta zauna ta warware. Abokiyar ɗakinta 'yar Tibi ce mai karatun kimiyya, ba ta jin Hausa sosai, don haka da Turancin buroka suke hira, irin wanda Madina ta koya a Mokolo. Da ita ta fi sakewa.

Abinci bai dame ta ba, sai dai burodin yana da zaƙi da laushi, ba kamar dogon burodin gida ba. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne shimfiɗar ƙasar. A Yawunde duk inda mutum za shi, ko hawa yake ko gangara. A Samaru kuwa, inda jami'ar take, sai ta hango ƙarshen titi tun daga farkonsa.

Daga baya ɗaliban sashen Faransanci suka gano ta. Sukan zo ƙarƙashin dalbejiyar da ke gaban ɗakunan kwanan mata, su ce ta yi musu magana su saurara, ta gyara musu lafazi. Nan ta samu abokai kaɗan. Ta lura cewa a ƙasar kakanta Faransancinta ake nema, ba Hausarta ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Rayuwarta ta tsaya tsakanin ɗaki da aji da laburare. Ko Tudun Wada ba ta taɓa wucewa ba.

A hutun Ista, zafi ya kankama, aka aiko mata cewa tana da baƙuwa a bakin ƙofa. Ta fito ta tarar da Fatu zaune kan ƙullin kaya tana fifita da gefen mayafi. Ta biyo matan Birik masu zuwa sarin kaya Kano ne, ta bar su a masauki a Fagge ta hau mota.

"Ke Madina, haka kika rame? Ba sa ba ku abinci ne?"

"Suna ba mu. Ya mutanen gida? Ya Babba?"

"Kowa lafiya. Ga yaji in ji masu suyan ƙofar gidanku. Bobolon da Inna ta bayar kuwa, dafaffen rogon nan na cikin ganye, tun a Yola ya lalace, na zubar."

Bayan ta yi wanka ta ci abinci, Fatu ta ce, "To, sai ki nuna mini garin."

Madina ta zagaya da ita laburare da filin wasa da wani ɗan tafki a bayan makaranta. Da suka dawo, Fatu ta dube ta.

"Makarantar na gani. Garin fa?"

"Ban taɓa shiga ba."

"Duk watannin nan?"

"Ba wanda zan je wurinsa."

"Ba wurin kowa za mu ba. Gani za mu yi. Mahmudu ya ce in na dawo in ba shi labari, me zan ce masa? Na ga littattafai?"

Washegari suka hau bas zuwa birni. Suka shiga ta Ƙofar Doka, suka tsaya suna kallon ganuwa, wani wajen ta zube, awaki na hawa. Suka bi lunguna suna duban zanen da ke jikin gidajen ƙasa, har da wanda aka yi wa hoton keke da agogo a saman ƙofa. Fatu tana tsayar da kowa ta yi tambaya. In aka yi dariyar wata kalma tata, ita ma ta yi dariya, ta ce, "Ku yaya kuke cewa?" sannan ta ci gaba da faɗin tata. A wani zaure suka ga maza zaune suna ɗinkin hannu a wuyan riguna. Nan Madina ta daɗe a tsaye. Yadda suke riƙe allura da yadda suke lanƙwasa gwiwa su ɗora yadi, haka mahaifinta yake yi. Ta sayi zaren ɗinki ta ba Fatu ta kai masa.

Daga Zariya suka shiga jirgin ƙasa zuwa Kano. Suka leƙa marinar Ƙofar Mata, Fatu ta toshe hanci amma ta ƙi tafiya sai da ta ga an tsamo yadi kore ya rikiɗe ya zama shuɗi a iska. Suka ɓata a kasuwar Kurmi, suka fito ta wata ƙofa daban. Da rana ta yi sanyi suka hau Dala. Madina ba ta ji hawan ba, ta ce wannan ai bai kai hanyar makarantarsu ta gida ba. Daga sama garin ya baje ja-ja-ja, da kududdufai nan da can suna ƙyalli.

Fatu ta zauna kan dutse ta cire takalmi. "Akwai saƙon Babba," ta ce. "Ranar da zan taho ya kira ni. Ya ce in mun hau nan mu tambayi unguwar Madigawa. Gidan Alim mai goro, kusa da kududdufi, akwai durumi a ƙofar gidan."

"Ya ce mu shiga?"

"Bai ce ba. Cewa ya yi mu duba."

Da safe suka je. Kududdufin yana nan, durumin babu. Samarin da suka tambaya ba su san wani Alim mai goro ba. Wani tsohon wanzami ne ya ajiye aska ya yi tunani, ya nuna musu wani gida mai ƙaramin zaure, ya ce su nemi Goggo Zara.

Suka yi sallama. Tsohuwa ce siririya, tana zaune a inuwa tana tsince wake, idonta ɗaya ya yi fari. Suka durƙusa suka gaishe ta.

"Daga ina, 'yan mata?"

"Daga Kamaru, Kaka," in ji Madina. "Ni jikar Gwadabe ce, ɗan Alim."

Tsohuwar ta ci gaba da tsintar waken na ɗan lokaci. "Gwadabe ya rasu a hanyar kurmi," ta ce. "'Yan ayarinsu suka ce sun baro shi ba ya ko tashi. Mun jira, mun jira, Baba ya sa aka yi masa sadaka. Ina budurwa lokacin."

"Yana raye, Kaka. Ya warke. Yana da 'ya'ya da jikoki."

Goggo Zara ta ajiye faifan. Ta kira surukarta ta ce a kawo wa baƙi ruwa, a shimfiɗa tabarma. Da suka sha, ta matso da Madina ta juya fuskarta zuwa haske ta duba da idon mai gani.

"In ya yi fushi, yana in'ina?"

"Yana yi."

"Shi ne," in ji ta, ta yi wata 'yar dariya. Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta tambayi sana'arsa, da matarsa, da ko ya yi aikin hajji. Ta gaya musu waɗanda suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, don su kai masa. Uwarsu ɗaya da Gwadabe, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Maƙwabta suka fara shigowa kallon jikar mamaci, aka yi ta salati.

Fatu ce ta kawo shawarar hoto. Tsohuwar ta ce ita ba za ta je shagon kowa ba, sai Fatu ta fita ta dawo da mai hoto da akwatinsa. Aka ɗauka a jikin bangon tsakar gida, Goggo Zara a kan kujera 'yar tsuguno da sabon ɗankwali, Madina a gefenta. Da aka wanke, Fatu ta sa shi cikin ƙullin atamfarta ta koma Yawunde tare da matan Birik.

Madina ta koma karatu. Bayan wannan ta riƙa fita. Ta je dutsen Kufena da ɗaliban Faransanci, ta raka abokiyar ɗakinta coci a Wusasa ta jira ta a waje, ta kuma koma Kano ita kaɗai ta kwana biyu a ɗakin Goggo Zara. Ta ci jarrabawarta da maki matsakaici. Ingilishinta ya miƙe, Hausarta ma ta ɗan sauya, har da ta dawo gida ƙannenta suka riƙa kwaikwayonta suna cewa Bakanuwa ta zo.

Ta tarar da hoton a maƙale a bangon ɗakin Babba. Mahaifiyarta ta gaya mata cewa ranar da Fatu ta kawo shi ya daɗe yana kallo, ya ce wannan fuskar innarsu ce, sannan ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Maliki ya yi masa tayin kai shi Kano, Babba ya ce hanya ta yi masa nisa yanzu. Ya dai sa an ɗinka zannuwa an aika wa Goggo Zara da su, haɗe da turare.

Wata rana Madina ta kai masa kunu, ta zauna, ta ce, "Babba, me ya sa ba ka taɓa aikawa gida ba?"

Ya juya ludayi a cikin ƙwaryar. "Da farko ba ni da abin aikawa," ya ce. "Daga baya kuma na ga an daɗe."

Ba ta ƙara tambaya ba. Goggo Zara ta rasu bayan shekara biyu, wani falke ya kawo labarin, aka yi zaman gaisuwa a Birik. Babba ya bi ta a damina ta gaba. Tsakanin nan saƙo ya yi ta kai-komo, har wani jikan tsohuwar mai suna Gali ya zo da huluna ya sauka a zauren Maliki, ya ga kasuwa ta karɓe shi, ya zauna.

Madina ta gama jami'a aka tura ta koyar da Ingilishi a Garwa. Can ta auri wani malamin lissafi, Bafillace, daga baya aka dawo da su Yawunde suka kama haya a Ekoudou. Yanzu tana koyarwa a wata kwaleji kusa da Messa. Ɗalibai na cewa tana da tsanani a kan rubutu, amma ba ta duka. 'Ya'yanta biyu.

Ranar Asabar takan biya rumfar Fatu a Mokolo, ta zauna kan benci ta taya ta ninke atamfa. Fatu ta faɗaɗa, har Kotonu take zuwa sari. A bana ta matsa wa Madina ta raka ta in an yi dogon hutu, ta ce akwai teku, akwai wani gari da aka gina a kan ruwa. Madina ta ce akwai takardun jarrabawa da za ta duba, ga yara, amma za ta yi wa maigidan magana.