Ina Kaka Za Ta Hura Wuta?

Gidan hayar da na tashi a cikinsa a Karu ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: ɗakuna huɗu a jere, da tsakar gida ta ƙasa, da bishiyar gwaiba da ba mu taɓa bari 'ya'yanta sun nuna ba. A kusurwar gabas kuwa akwai duwatsu uku, murhun Kaka, mahaifiyar Babanmu. Mama tana da risho a kicin, amma Kaka ta ce ita tuwon da bai ji hayaƙi ba bai dahu ba. Da an idar da magariba ta sauke tukunya, sai mu kewaye garwashin, ni da ƙanena Sani da yaran maƙwabta.

Kaka tana da doka guda: ba ta fara tatsuniya sai mun gina mata garin da za a yi labarin a ciki. "Mutanena ba sa kwana a fili," in ji ta. Sai mu baje toka mai sanyi, gwangwanin madara ya zama rijiya, totuwar masara ta zama ganuwa, murafen kwalba su zama gidaje. Ita kuma ta bi da tsinke tana bincike. "Maigidana," haka take kiran Sani, "wannan hanyar taka ina ta nufa? Mai jaki ta ina zai wuce?" In ta ga kuskure sai mun rushe mun sake.

Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, Abuja sai tsirar gine-gine take yi, kullum manyan motoci na wucewa daga kasuwar Dei-Dei da rodi da siminti. Baba ma ya samu fili. Wata rana ya dawo daga ofis da doguwar takarda a naɗe, ya shimfiɗa ta a tabarma kusa da mu yana nuna wa Mama: ga falo biyu, ga bene, filin da ya rage kuma za a shafe shi da siminti don ajiye mota.

Kaka ko kallon takardar ba ta yi ba. Baba ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In tana da abin faɗa masa, mu take faɗa wa, ta ɗan ɗaga murya. Ranar ma haka ta yi.

Muna gama gina garin toka ta ce, "Ga wata tatsuniya nan ta iso, ku matsa mata." Muka ce ta shigo mu gan ta.

Wai wani sarki ne ya so sabon gari, ya tara dattawa da magina. Yara suka leƙo, aka daka musu tsawa: "Ku yi shiru, manya na magana!" Aka gina gari mai kyau aka tare. Ba a jima ba sai aka lura garin ya yi tsit, domin kullum da safe yaran sai su fice su koma tsohon kufai su yini a can. Randuna ba ruwa, awaki ba mai kora. Sarki ya tambayi wata tsohuwa dalili, ta ce, "Ranka ya daɗe, zaga garinka da gwiwa." Ya durƙusa ya fara rarrafe. Sai ga bakin rijiya ya fi ƙarfinsa, sakatar ƙofa tana can sama, ƙayar shinge daidai idonsa, kowace inuwa kuma manya sun riga sun shimfiɗa buzu a cikinta. Ya miƙe da ƙura a gwiwa ya ce a kira masa yaran. Daga ranar ba a ƙara aza tubali a garin ba sai an tambayi wanda ya fi kowa gajarta.

Baba ya yi dariya, don ya san da wa ake. "To, na ji. Ku zo ku ga plan ɗin." Muka rufu a kan takardar. Ya nuna mini wani ɗan murabba'i a saman bene ya ce ɗakina ne ni kaɗai. Shekarata goma sha ɗaya, daɗi kamar ya kashe ni.

Sani, ɗan shekara biyar, ya bi zanen da yatsa har ƙarshe, ya ɗago. "Baba, ina Kaka za ta hura wuta?"

"Ai gas za mu saka, kicin ne na zamani."

"To mu a ina za mu zauna?"

Da idona na ga Baba ya zaro fensir daga bayan kunnensa yana duban filin motar. Ni kuwa sai tsoro ya kama ni, kada a taɓa zanen ɗakina ya tafi. Na zunguri Sani na ce, "Kai, yi shiru, manya na magana." Aka kwashe da dariya, Baba ya mayar da fensirinsa ya naɗe takarda. Kaka ta tona garwashi ta ce, "Ƙawata ta girma."

Bayan shekara biyu muka tare. Gidan ya yi kyau, ba ƙarya. Kaka ta gwada yi mana tatsuniya a falo, amma ba a zuba toka a kan tayil, talabijin kuma ta fi ta murya. Ta gwada kurfoti a wani ɗan lungu tsakanin janareta da katanga, hayaƙi ya ɓata fenti, mu kuma babu inda za mu sa ƙafa. Damina ɗaya ta yi ta ce gwiwoyinta gida suke so. Ta koma ƙauyenmu, can Allah Ya karɓi abarSa, ban sake jin tatsuniya daga bakinta ba. Har yau abin yana damuna.

Yanzu zanen gine-gine ne sana'ata. Duk sanda aka ba ni aikin makaranta ko filin unguwa, sai na tara yaran wurin na ba su kwalaye da yumɓu su gina mini nasu tukuna. Abokan aikina suna tsokanata wai ina ɓata lokaci, balle in sun gan ni durƙushe a fili ina duban inda za a sa famfo. A da na ɗauka tatsuniyar Kaka da sarakuna da iyaye take. Daga baya na gane ba sai mutum ya yi tsawo yake daina jin na ƙasa da shi ba. Ni ɗaki guda aka nuna mini.

Bara Sani ya sayi fili a Gwagwalada ya ce in zana masa gida. Kafin in ja layin bango ko ɗaya, na zana 'yar da'ira a kusurwar gabas na rubuta "murhu". Da ya ga takardar ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Yaya, ashe kin ji ni. Ai na ɗauka manya na magana."

Na buɗe baki in rama, hawaye suka riga ni.