Shekarar da Na Gina Ramin Salgarmu

Kowace shekara kafin damina, wata ma'aikaciyar tsabta takan bi gidajen unguwarmu a Dakoro tana duba salga. Tamu kullum faɗa take jawo mani, don ƙasarmu rairayi ce, bakin ramin sai zubewa yake.

A waccan shekarar maigidana ya yi arewa da shanu, na ce ba zan jira shi ba. Ni da ƙanwata muka buga bulo, muka haƙa sabon rami nesa da randunan ruwa, muka gine cikinsa. Muka zuba murfin siminti, muka kafa bututun iska. Hannuwana duk suka yi kanta.

Da ma'aikaciyar ta zo, ta hau murfin ta buga ƙafa, ta haska cikin ramin, ta daɗe tana dubawa.

"Uwar gida, wane magini ya yi maki wannan?"

Na ce, "Ga maginan nan gabanki."

Ta yi dariya, ta leƙa waje ta kira matan maƙwabta su zo su gani. Ƙanwata ta rangaɗa guɗa. Daminar nan an yi ruwa sosai, ramin ko gezau bai yi ba.