Na Zuba Wa Mutanen Ƙasa Ruwan Inabi A Deptford

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, ni da matata, a birnin Landan 'yan shekarun baya, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Wanda ya ga dama ya ce ƙarya ce, amma in mun haɗu ya dubi hancina da kyau, ba a karkace uwata ta haife ni da shi ba.

Mu mutanen Filato ne, Kiristoci, na yi ritaya daga aikin gwamnati a Jos. 'Yarmu Saratu tana aikin jinya a can Landan, tana zaune a unguwar Stratford, ita ta matsa sai mun je mun huta, wai tun da na auri uwarta ban taɓa kai ta ko'ina ba sai biki da jana'iza. Gaskiya ta faɗa. To yawo kam mun sha shi, mun hau bas mai bene, mun shiga jirgin ruwa a kogi, mun ci kifi da soyayyen dankali wanda Maman Saratu ta ce abincin marasa lafiya ne, ba gishiri ba yaji. Ita kuwa mace ce 'yar ƙarama mai sanyin hali, ko kaza ba ta iya yankawa sai ta kira maƙwabta, kuma giya ba ta taɓa shiga bakinta ba tun da na san ta.

Ranar da abin ya faru Saratu tana da aiki. Da safe ta ce, "Baba, na yi muku booking a Deptford, wajen ɗanɗana wine da cheese. Kai ka sha abinka, Mama kuwa na ce musu su ba ta juice. In kun fito ku shiga kasuwa, akwai shagunan 'yan Afirka."

Wajen wani tsohon sito ne a ƙarƙashin ƙasa kusa da kogi, ana sauka ta matakalar dutse, ga sanyi ga warin danshi, alhali a waje rana tsaka ce tana haske. Baturiyar da ke mana bayani ta ce a da can mutanen jiragen ruwa ne ke ajiye ganguna a ciki. Baƙin ba mu da yawa, duk Turawa ne sai mu biyu. Akwai kuma wani ƙaton mutum mai jidar akwatunan kwalabe, da ya ji muna Hausa ya zo da murnarsa ya gaishe mu, ya ce sunansa Mumuni, ɗan zangon Kumasi ne a Gana.

Yanzu bari in gaya muku wata ɗabi'a tawa. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa kai ƙwaryar burkutu baki ba sai ya karkata ta ya ɗiga kaɗan a ƙasa ya ce, "Na ƙasa, ga naku." Na tashi ina gani, na girma, har na zama dattijo a coci, amma hannuna bai daina ba, ko kunu aka ba ni sai na ɗiga. Maman Saratu ta yi faɗa har ta gaji ta ƙyale ni. A gida dai ban taɓa ganin komai ba, ni ban ma ɗauke shi a bakin komai ba.

Da aka zuba mana jan ruwan inabi a kofi, Turawa suna ta jujjuya nasu suna shinshinawa kamar masu sayen turare, ni kuwa na sauke hannu gefen kujera na tsiyaya kaɗan a kan dutsen daɓen, na ce a hankali, "Na ƙasa, ga naku." Na duba don in goge da takalmi kada Baturiya ta ga ƙauyancina, wallahi babu abin gogewa. Dutsen ya shanye shi tas, a bushe yake ƙayau.

Ban gama mamaki ba na ji an damƙe wuyan hannuna, damƙa irin ta makanike, har ƙashi ya yi ƙara. Na ɗago, matata ce. Idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba, kofin take kallo, leɓenta ya bushe ya tsattsage nan take kamar wadda ta yi kwanaki ba ruwa. Na ce, "Maman Saratu, lafiya?" Amsar da na samu ita ce goshinta a kan hancina. Na ji ƙas! sai jini, na kife da kujera, ita kuma ta fizge kofin ta shanye ta tauna bakinsa, ina jin gilashi yana ɓarewa a haƙoranta.

Yesu! Daga nan wuri ya rikice. Ta haye kan tebur, ta ɗauki kwalba ta fasa wuyanta a gefen katako ta kafa kai, jan ruwa da jini suna gangarowa tare a kan farin leshin da 'yarta ta ɗinka mata. Tana gamawa ta jefar ta ɗauki wata. Wani Bature mai jiki, ya ninka ta biyu, ya zo zai riƙe ta yana lallashi, ta kama shi a kwalar riga ta maka shi da kantar kwalabe, kantar ta zube a kansa. Mata suna ihu suna rige-rigen matakala. Da kwalaben suka farfashe, ruwan inabi ya malale a daɓe, sai ta diro ta durƙusa da hannu da gwiwa a kan fasassun gilashi tana lasar ƙasa. Kuma ba murya ɗaya ke fita daga maƙogwaronta ba, wani gurnani ne na maza, wannan ya sauka wancan ya hau.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba tsoron ta kashe ni ba. Gani na yi matar da muka tsufa tare za ta mutu a gabana, a ramin wasu mutane, a ƙasar da ba tamu ba, tana haɗiyar gilashi. Na rarrafa na rungume ta ta baya ina kiran sunanta na yanka, ta juyo ta kafa mini haƙori a kafaɗa ta cikin kwat, ta sa gwiwar hannu ta daki haƙarƙarina, numfashi ya ɗauke mini.

Mumuni ne ya cece mu. Ya yar da akwati ya sunkuce ta ta ƙugu yana cewa da Hausarsu ta zango, "Baaba, tashi! Matanka zai mutu a nan, mu fid da shi waje!" Yana karanta addu'o'insu na Musulmi da ƙarfi, ni ina kiran sunan Yesu da hanci a fashe, babu wanda ya tsaya gyara wa wani. Mun kai tsakiyar matakala sai ƙaton nan ya tsaya cik, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya ce, "Baaba, ana jan shi!" Na duba, ƙafafunta sun miƙe sambal a iska sun nufi ƙasa, takalmi ɗaya ya fice da kansa ya gangara, kuma babu kowa a bayanmu, na rantse da Allah babu kowa. Na kama ta ta hammata, Mumuni ya dafe bango da ƙafa, muka ja, ina kuka ina zagi, har muka faɗo kan titi mu uku a cikin rana. Nan take ta saki jiki ta sume.

Motar asibiti ta zo, 'yan sanda suka zo suka yi ta tambayata ko mun saba faɗa a gida, don dai Turawan sun ba da shaida ne da ban san inda zan kwana ba. An ɗinke mata harshe da tafin hannu da gwiwoyi, an ciro gilashi a dasashinta. Likitoci sun yi gwaje-gwajensu ba su ga wani ciwo ba. Saratu da ke wannan aikin ita ta ɗaga zanen gado ta nuna mini idon sawun uwarta, shatin yatsu ne baƙi ƙirin sun zagaye su, wani a kan wani, manya da ƙanana. Ta ce, "Baba, wa ya riƙe ta a nan?"

Sai da ta kwana biyu ta iya magana, da kyar, harshe a kumbure. Na tambaye ta ko ta tuna wani abu. Ta ce ba ta tuna ta buge ni ba, abin da ta tuna mutane ne cike da ramin, jiƙaƙƙu, suna turereniya a bayanta, kowa ya shigo ya sha da bakinta ya fita, na bayansa ya shigo. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Baban Saratu, layi fa suka yi. Kuma da kuka fitar da ni, waɗanda ba su samu ba sun fi yawa."

Ban san su wane ne ba, ban kuma koma na tambaya ba, mun tattara mun dawo Jos kafin ranar tikitinmu. Ta warke, tana zuwa coci, tana dariya, amma har yau in kofi ya kife a gidanmu fuskarta nake fara kallo kafin in kalli ƙasa.

Shawarata gare ku, masu zuwa yawon buɗe ido, ku ci abincin mutane, ku sha abin shansu, ku ɗauki hotonku ku dawo. Amma abin da kakanninku ke yi wa ƙasar gida ku bar shi a gida. Kada ku kira mutanen ƙasar da ba ku sani ba, don ba ku san yawansu ba, ba ku kuma san tun yaushe rabonsu da wanda ya ce musu ga naku ba.