Ƙwallon da Ke Kan Firjin Verna

Shekara goma sha ɗaya Lyman Stroud ya yi yana buga wa babbar ƙungiyar garinmu ƙwallon Amurka, wanda ake gudu da shi a hannu, a nan Ohio, amma sau ɗaya tak ƙwallo ya shiga hannunsa. Aikinsa buɗe hanya ne. Ya duƙa a sahun gaba, ya bangaje ƙaton da ke gabansa, wani siriri ya wuce da ƙwallo, washegari a ga hoton siririn a jarida.

Wata Lahadi a 1974, ana ruwa, saura taku biyu a kai layin ci, ƙwallon ya suɓuce wa mai ɗauke da shi, ya daki kwalkwalin wani, ya faɗo wa Lyman a tumbi. Bai yi gudu ba, da ma ba ya iyawa. Tuntuɓe ya yi, ya kife a bayan layi. Maki shida. Duk da haka an cinye su ranar, shi ya sa ba mai tunawa.

A al'ada ɗan wasa yakan ajiye ƙwallon da ya fara ci da shi, a rubuta kwanan wata a jiki. Lyman bai taɓa zaton abin zai zo kansa ba. Don murna sai ya wurga shi cikin 'yan kallo. Sai da ya cire kwalkwali hankalinsa ya dawo.

Wadda ta cafe ita ce Verna Kowalik, mai ɗinkin labule. Ya tare ta a bakin ƙofar filin wasan, duk jikinsa taɓo.

"Baiwar Allah, ƙwallona ne."

"Da naka ne da ba ka yar ba."

"Zan ba ki rigata."

"In kafa tanti da ita?"

Duk Talata, ranar hutunsa, sai ya je gidansu roƙo. Uwarta ta cika shi da kabeji da dankali, Verna ta ce a'a, ya tafi. Bayan wata bakwai ya gane hanya ɗaya ce ta rage masa ta zama gida ɗaya da ƙwallon. Aka ɗaura aure.

Yau ya haura tamanin, gwiwoyinsa sun tashi aiki. Ƙwallon yana kan firji, da kwanan wata a jiki, da sunan Verna. In ya fara ba jikoki labari sai ta leƙo daga kicin.

"Faɗuwa ya yi. Ni ce na cafe."

Ran Lahadi takan sauko masa da shi ya riƙe, in ya wanke hannu.