Ƙwaya, Ba Cuta

Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku matso ku ji ranar da ba ni mantawa da ita ko tsufa ya ruɗe ni, ranar da aka tarye ni da jakai.

Lokacin babban farin nan ne, ina ƙaramin duba-gari a Isa. Duba-gari shi ne ma'aikacin tsabta, mai leƙa rijiya da salga da mahauta, wanda ba kowa ke murnar ganinsa ba. Labari ya zo cewa a wani ƙauye gaba da Bafarawa amai da gudawa na ɗaukar yara. Rijiyoyinsu duk sun ƙafe sai ɗaya, ita ma ruwanta kamar kunu. Maigidana ya ce in je in sa su riƙa tafasa ruwan sha.

Na ce, "Yallaɓai, wanda bai da abin ɗorawa a murhu, shi za ni ce wa ya dafa ruwa?"

Ya ce, "Ɗauki madubin likita, su gani da idonsu." Madubin nan shi ke girmama abin da ido ba ya iya gani.

Ranar kasuwar Bafarawa na sami sanƙiran ƙauyen, wato mai shela, sunansa Tunau. Na ce ya gaya musu gobe za ni zo da maganar ƙwayar cuta. A bakinmu, ƙwayar cuta ita ce 'yar halittar da ke shiga ciki ta kwantar da mutum. A kunnen Tunau kuwa, ƙwaya gero ce, cuta kuma abin da ake yi wa talaka wajen rabo. Sai bawan Allah ya gyara mini magana. Ya bi gari yana cewa, "Gobe gwamnati na kawo ƙwaya, kuma ba cuta!"

Washegari na iso a babur da ɗan akwatina. Innalillahi! Jakai, buhuna, ƙore, har da waɗanda suka ƙetaro daga Nijar. Mata na guɗa. Mai gari ya dubi bayana, ya ce, "Malam, motar tana tahe?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace mota?"

"To, ina ƙwayar?"

Ni kuma da kaifin basirata na ce, "Ai tana cikin rijiyarku."

Kafin in rufe baki wani ƙato ya ɗaura igiya a ƙugu zai shiga. Da ƙyar na riƙe shi. Da na yi bayani, guɗa ta mutu, na ga ana duban sanduna. Wallahi na tsorata, kuma na ji tausayinsu, don yunwa ce ta kawo su. Na nemi Tunau, ko ƙurarsa.

Wata tsohuwa, Inna Kulu, wadda jikarta ke kwance, ta ture maza ta ce, "Ɗana, tunda mun zo, gwada mini abin da ka kawo."

Na ɗiga ruwan rijiyar a kan ɗan gilashi, na juya madubin ga rana. Ta kanne ido ɗaya ta leƙa. Sai ta yi baya tana salati.

"Mi na wanga ke motsi?"

Na ce, "Halittu ne, Inna, masu rai. Waɗanda ke kawo gudawa ma sun fi su ƙanƙanta."

Ta sake leƙawa, ta daɗe. Sannan ta juya ga taro ta ce, "Ku ji, jama'a! Muna kukan rabonmu da nama tun bara, ashe kullum shan shi muke yi ɗanye, ba yanka ba bisimilla!"

Dariya ta ɓarke, har mai gari. Aka yi layi ana leƙe, kowa ya gani sai ya tofar da yawu. Inna Kulu ta ce, "Ni dai ban ƙara ba jikata ɗanyen nama. Dahwa shi za ni yi." Itace kuwa fari ya busar da shi ko'ina.

Da na koma bayan kwanaki, kowane gida da tukunyar ruwa a wuta, suna kiran ruwan romo. Gudawa ta yi sauƙi. Jikar Inna Kulu ce ma ta kawo mini ƙoƙo, ta ce, "Inna ta ce ka sha romo."

Tun daga ranar, duk kalmar da za ni kai ƙauye sai na tambayi kaina yadda mai jin yunwa zai ji ta. Na sha romon nan har na suɗe ƙoƙo. Gero dai ban kai musu ko tsaba ɗaya ba, kuma har yau abin yana raina.