Manaja Ta Ce Lafiya Lau

Yayata mai ɗinki ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a gaban gidan da suke haya, mai ƙofa biyu: ɗaya ta kalli titi, ɗaya ta shiga falo. Shekara ashirin tana taka keke, har kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu sauka. Ba ta da yawan magana, don kullum akwai allura biyu ko uku a bakinta. Ni ce mai bakin gidan. Tun da aurena ya mutu na dawo wurinta, ina yi mata guga da sa maɓalli, ina kuma yin faɗan da ita ba za ta iya yi ba.

'Yarta ɗaya ce tak. Da aka haife ta likita ya ce tana da lalurar da suke kira Down, kuma akwai 'yar ɓula a zuciyarta. Dangin mijin Yaya ba su sha wahalar riƙe wannan suna ba, doluwa kawai suke cewa idan sun ga ba ma kusa. Mu kuwa Manaja muke kiranta, saboda tun tana shekara huɗu ta mallaki kujerar bakin ƙofar shago. Za ta rataya tef ɗin awo a wuya, duk wanda ya shigo sai ta rungume shi kafin ya ajiye yadinsa. Har wanda ya zo da niyyar masifa kan an ɓata masa lokaci, sai ka ga ya saki fuska.

Magana ce ta yi mata nauyi. Ta kai shekara biyar ba ta haɗa kalma biyu ba. Kowace safiya Yaya za ta tsuguna a gabanta ta ce, "Ina kwana?" sannan ta amsa wa kanta, "Lafiya lau." Shekara biyu cur tana wannan. Ranar da Manaja ta buɗe baki ta ce "lafiya lau" da kanta, Yaya ta kifa kai a kan keke ta yi kuka. Daga nan fa shi ke nan, komai ka tambaye ta amsar ɗaya ce. Ta taɓa faɗuwa ta fasa haɓa, jini har riga, aka ce, "Manaja, ina ke miki ciwo?" Ta ce, "Lafiya lau." Muka yi ta dariya. Ni ce na fi kowa dariya, Allah ya yafe mini.

Tana shekara tara korona ta shigo. Yaya ta kai ta wurin likitan zuciyarta, shi kuwa bai ɓoye mata komai ba.

Ya ce, "Za ki ji ana cewa cutar nan ba ta yi wa yara illa. Kada ki saurara. Taki ba kamar sauran ba ce. Hanyar numfashinta ƙarama ce, jikinta ba ya yaƙar cuta da ƙarfi, ga zuciya. Kuma ba za ta faɗa miki tana jin ciwo ba. Ki dinga kallon ƙirjinta da leɓenta."

Yaya ta roƙe shi ya rubuta hakan a bayan katin asibiti. Ta dawo gida ta sa wa ƙofar titi sakata. Aiki ya koma ta taga, kuma duk yadin da aka miƙo sai ya kwana uku a igiya yana shan rana kafin ta taɓa shi. Mijinta direban bas ne, dole ya fita, don haka ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗan ɗakin ajiye kaya na bayan gida. Ta gilashin taga yake gaisawa da 'yarsa, ya ɗora tafin hannu ita ma ta ɗora nata.

Sai rigimar takunkumin rufe baki da hanci. Kunnuwan Manaja ƙanana ne, karan hancinta a kwance, duk wanda aka sa mata sai ya zame ya koma haɓa. Yaya ta ɗinka ta warware, ta ɗinka ta warware, sai a na goma sha ɗaya ta dace: mai igiya biyu da ake ɗaurewa a ƙeya. Ta ɗinka wa 'yar tsanar yarinyar irinsa, sannan Manaja ta yarda ta sa.

Wata bakwai muna haka. Dangi kuwa me za su yi in ba surutu ba. Wai Yaya ta yi girman kai, wai ta mai da miji ɗan haya a gidansa, wai duk wannan a kan yarinyar da ko sunanta ba ta iya faɗa ba. Wanda ya fi kowa zafi shi ne wan mijinta, wanda kowa ke kira Babba. Shi a wurinsa babu wata cuta, mura ce aka sa wa sabon suna.

Wata ranar Talata zare ya ƙare, Yaya ta shirya zuwa kasuwa. A bakin ƙofa ta juyo ta ce mini, "Ko wa ya zo, kada ki buɗe."

Na ce, "Yaya, sai ka ce yau na fara zama a gidan nan?"

Ba ta yi rabin awa da fita ba aka buga ƙofa. Babba ne. Na gaishe shi ta taga, na ce Yaya ba ta nan.

Ya ce, "Ke! Ni za ki bari a tsaye a titi kamar mai talla? Gidan ƙanena ne fa. Buɗe mini in sha ruwa."

Maƙwabta sun fara leƙowa. Ni da nake ji da bakina, wadda ba ta barin ta kwana, ranar sai kunya ta kama ni. Na zare sakata da hannuna. Yana shigowa ya yi tari, ya ce ƙura ce. Manaja ta ji muryar baƙo, ita da ta yi wata bakwai ba ta rungumi kowa ba sai mu biyu. Kafin in juya ta fito da gudu ta faɗa jikinsa, ya ɗaga ta yana dariya a fuskarta. Takunkuminta yana kan teburin guga.

Minti goma ya yi ya tafi. Na wanke mata fuska da sabulu, na canja mata riga, na share inda ya zauna. Da Yaya ta dawo ban faɗa mata ba.

A kwana na shida Manaja ta ƙi shan shayinta, ta kwanta a kan tarin ƙyalle a ƙarƙashin tebur. Yaya ta ce, "Ina ke miki ciwo?" Ta ce, "Lafiya lau." Yaya ta ɗaga mata riga ta ga yadda fatar tsakanin haƙarƙarinta ke shigewa ciki. Ta ɗago ta dube ni. Nan na faɗi gaskiya. Ta sauke rigar ta je ta ɗauko katin asibiti, kuma har yau na so a ce marina ta yi.

Muka ɗauke ta sai asibitin da ya fi kusa. A ƙarƙashin rumfa akwai wani ma'aikaci a bayan tebur, shi ke zaɓar wanda zai shiga. Ya auna zafin goshin Manaja daga nesa, ya ce, "'Yan mata, yaya jikin?"

Manaja ta yi masa murmushi ta ce, "Lafiya lau."

Ya ce, "To Hajiya, kin ji da bakinta."

Yaya ta ce, "Malam, haka take amsa komai. Dubi yadda take numfashi."

"Irin yaran nan ai dama haka suke, baki a buɗe. Gadajen da suka rage na tsofaffi ne. Ki ba ta maganin zazzaɓi, ta sha ruwa."

Yaya ta miƙa masa katin da likita ya yi rubutu a bayansa. Ko taɓa shi bai yi ba, ya kira na gaba. Sai a lokacin bakina ya buɗe, na yi ta ɗaga murya har mai gadi ya raka mu bakin ƙofa. Yaya ta kira lambar likitan zuciya sau ba adadi, aka ce an mai da shi sashen masu korona, ba ya ɗaukar waya.

Bayan kwana biyu leɓen Manaja ya yi duhu. A wani asibitin suka karɓe ta da gudu, suka sa mata iskar numfashi. Wata likita ta dubi Yaya ta ce, "Me ya sa sai yanzu?" Ba a bar mu mun shiga ba, sai dai leƙe ta gilashi. Yaya ta ɗora tafin hannunta a jikin gilashin. Manaja ta gan ta, ta motsa baki a ƙarƙashin robar da ke fuskarta. Ba mu ji ba, amma mun san abin da ta ce. Da hantsin kwana na biyar ta rasu.

Babba ya yi mako ɗaya yana tari ya warke garau. Har da shi a masu zuwa ta'aziyya, fuska a buɗe. Wata gwaggon mijin Yaya ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Allah ne ya hutar da ke. Dama irin su ba sa daɗewa." Na yunƙura zan tashi, sai na tuna hannun da ya zare sakata, na koma na zauna.

Yau shekara huɗu ke nan. Yaya tana nan tana taka keke. Tana zuba mini abinci, tana miƙo mini guga, ba ta taɓa tayar da maganar ƙofar ba, ni kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo a wurina. Kujerar tana bakin shago, tef ɗin awon a rataye a jikinta. Idan mai kawo ɗinki ya ce mata, "Ina kwana?" sai ta ce, "Sannu da zuwa, me za a ɗinka?"

Makon jiya wata mata ta kawo 'yarta mai shekara uku a auna ta. Na gaishe da yarinyar, ta noƙe a bayan uwarta. Uwar ta janyo ta tana cewa, "Ke, ana gaishe ki. Ce lafiya lau mana."

Yaya ta tsayar da keke. Ta cire allurorin bakinta ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a tebur, ta ce, "Ƙyale ta, baiwar Allah. Fara koya mata ta nuna inda ke mata ciwo."

Matar ta dube ni tana neman bayani. Na sunkuyar da kai na ci gaba da guga.