Tunkuzar Angurya a Ɗakin Ɓeraye

Akwai ranar da har yau ba ta bar zuciyata ba, ranar da Baturen farfesa ya sauka Garwa don ya ga ɓerayenmu. Ku masu aikin yanzu ku saurara, don ba zan maimaita ba.

A zamanin shugaban ƙasa na farko ne. Ni ke kula da ɗakin ɓeraye na wani ƙaramin wurin bincike a bayan asibiti. Ban yi lekol ba, wato makarantar boko, aikina abinci, ruwa da wankin keji. Mai binciken Doktor Hamadu ne, ɗan Mokolo, ya yi karatu a Faransa. Yana neman sanin yadda ɓargo ke haifar da jini, da yadda sankarar jini ke lalata shi. Shekara uku yana kai, kuma da aikin nan ne zai sami babban digirinsa.

Tsarin ba wuya. Ɓerayen farare kashi biyu ne. Waɗanda aka yi wa allurar cutar an tsaga musu kunnen dama. Masu tsaga a kunnen hagu, da muke kira na hagu, lafiyayyu ne, ana ajiye su don a gwada jininsu da na marasa lafiya. In na hagu suka taɓu, aikin duka ya rushe.

Da damina ta yanke hanya, abincinsu da ke zuwa daga kudu ya ƙare. Malam Buba mai riƙe da makullin mangaza, ɗakin ajiyarmu, wanda ya tashi cikin shanu, ya kawo buhun tunkuzar angurya daga Kaele, wato abin da ke saura in an matse man 'ya'yan auduga. Ya ce in dama da gero.

Na ce, "Malam, Doktor ya sani?"

Ya ce, "Goggo, bijimi ma da wannan yake ƙiba, balle abin da bai kai babban yatsana ba. Ko ke ce sabuwar doktor?"

Na dama, na ba su.

Bayan sati shida sai na ga abin da ban so ba. Tafin ƙafar lafiyayyun nan na hagu ya yi fari, gashinsu ya tashi, matan sun daina haihuwa. Na sami Doktor yana kan madubinsa na duba jini, na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Doktor, tun da aka canza abinci lafiyayyun nan ba su da jini."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na gani, Goggo, a nan ciki na gani. Cutar ce ke tsallaka musu daga ɗaya kejin. Abin da ba wanda ya taɓa nunawa ke nan." Fuskarsa har ƙyalli take yi. Maganar abinci kuwa ta wuce ta saman kansa. Na sake faɗa washegari, ya ce, "To, to, useko," wato na gode, kamar mai sallamar mai talla. Ya rubuta wa malaminsa a Faransa, malamin ya ce zai zo da kansa.

Ranar da ya zo, an share har ƙarƙashin bishiya, darakta ya sa kwat. Baturen tsoho ne, bai tsaya kan takardu ba. Ya buɗe keji ɗaya na hagu, ya ɗauki kwanon abincin ya shinshina, ya murza da yatsa. Ya yi tambaya, tafinta ya ce, "Wa ke ba su abinci, kuma mene ne wannan?"

Kowa ya juyo kaina. Malam Buba ya sami abin kallo a rufin ɗaki.

Na ce, "Angurya ce da gero. Wata na uku ke nan."

Baturen ya ajiye kwanon a hankali. Tafinta ya ce mana akwai dafi a angurya wanda cikin saniya ke iya kashewa, na ɓera ba ya iyawa. Ba cutar da ta tsallaka. Doktor ya jingina da bango. Na jira ya ce, "Ta gaya mini." Bai ce ba.

Ka'ida ita ce a aika rahoto Yawunde a faɗi inda kuskure ya fito. Aka rubuta cewa mai ba da abinci ta canza shi ba da izini ba. Aka karanta mini da Faransanci, aka fassara rabi, na dangwala yatsa a ƙarƙashin sa hannun Doktor. Aka kashe ɓerayen duka, ni na kwashe su. Aka mai da ni wankin zanen gado, a can na kai har na yi ritaya. Doktor bai sami digirin ba, ya koma duba marasa lafiya. Shekara da shekaru muna haɗuwa a baranda, yana gaishe ni yana kallon ƙasa. Malam Buba ya ci gaba da riƙe makullinsa.

Ba na wanke kaina, hannuna ne ya dama. Abin da na koya shi ne, mai ilimi in ya ƙwallafa rai a kan abin da yake so ya gani, maganar da aka yi masa daga bakin ƙofa ba ta shiga. Don haka in kun ga ɓarna, kada ku tsaya a ƙofa. Ku shiga, ku dire kwanon a kan teburinsa, ku ce ba za ku ba su ba sai ya duba. Zai ji haushinku na yini ɗaya. Ni na ji kunyar yin haka, na yi wanki shekara goma sha tara.